Ayarinmu Na Nan Tsaye a Bakin Ƙofa

Zuwa ga
Mai girma Shugaban kamfanin da ya gaji tsohon wasan kwamfutar nan da muke kira Ayari,
da duk masu faɗa a ji a ƙarƙashinsa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa irin wadda ta dace da kai, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata, ina roƙon ka ba ni aron hankalinka na ɗan lokaci.

Sunana Habibu. Malamin Turanci ne ni a wata sakandare a Bebeji, kudancin Kano, kuma saura ƙiris in ajiye alli. Ban ambaci sunan kamfaninka ba, ban kuma ambaci ainihin sunan wasan ba, domin ba tozarta ka na zo yi ba, kuma ai ka san kanka. Mu a nan Ayari muke ce masa, saboda labarin matafiya huɗu ne da ke bin gari gari, suna yaƙi, suna ciniki, suna sasanta rigingimun mutane, har su kai wani birni da ke ƙarshen taswira. Da gangan na rubuto da Hausa. Na yi shekaru ina fassara wa mutanena maganganunku, yau ku ma ku nemi tafinta ku ɗanɗana.

Sai da na bi ta ƙofa kafin in fito fili. Na rubuta a akwatin koke-kokenku na intanet ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Amsar da ke dawowa iri ɗaya ce, na'ura ce ke rubuta ta, tana gode mini da na zama ɗaya daga cikin iyalinku. To madalla. Ɗan gida kuwa in an ƙi saurarensa a ɗaki, tsakar gida yake fitowa.

Ga maganar a taƙaice. Akwai wani mutum kwance a wata ruga kusa da Ba'awa, a ƙasar Kiru. Sunansa Bello, aminina ne. Ɓarin jikinsa ya shanye, likitoci sun ce a mai da shi gida a ci gaba da addu'a, ka kuwa san abin da wannan ke nufi. Abu ɗaya ya roƙe ni: yana so ya ga ƙarshen wasanku. Na kasa yi masa, kuma abin da ya hana ni yana cikin ma'ajiyarka. Bari in jero maka yadda aka yi.

Na ɗaya: yadda kayanku suka zo hannunmu.

Ƙanena Nasiru, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin ruwa ne a Tiga. Wani injiniya da ya gama aikinsa zai koma ƙasarsu ya sayar masa da kwamfutarsa, irin mai ƙatuwar ƙeyar nan, ya haɗa masa da kwalin wasanku, faya-fayan asali a ciki har da taswirar takarda. Na faɗi wannan ne don kada wani lauyanka ya ce a kan kayan sata nake kuka. Halaliyarmu ce.

Daga baya na gane cewa kun yi wasan ne don mutum ɗaya ya kulle kansa a ɗaki ya juya mutum huɗu shi kaɗai. Mu ba mu san haka ba. Mun ga mutum huɗu a allo, sai muka ɗauka mutum huɗu ake nema, muka kuwa nemo su. Kowa ya ɗauki nasa ya raɗa masa sunansa. Nasiru ya ɗauki mai takobi, kuma shi ke riƙe da maus, ɗan abin nan da ake dannawa a juya wasan. Ni na ɗauki mai buɗe kwaɗon ƙofofi, wanda ku kuka kira ɓarawo, ni kuwa na ƙi fassara shi haka a gaban jama'a, na ce maƙeri ne. Bello, wanda ke riƙe wa Nasiru 'yan shanunsa, a lokacin rugarsu na kusa da madatsar ruwan Tiga, ya ɗauki maharbi.

Na huɗunmu Malam Isiyaku ne, malamin makarantar allo a unguwar su Nasiru. Faɗa ya zo yi mana a kan ɓata lokaci. Ya tarar muna gardama a kan wani ɗan fashi na cikin wasan da ya durƙusa yana neman afuwa, a kashe shi ko a sake shi. Malam ya tsaya ya ji, ya ce ai wannan mas'ala ce, ya ja tabarma. Shi ke nan ya zama namu. Ya ɗauki mai magani, da sharaɗi ɗaya, cewa ba za a sa boka a ayarin da yake ciki ba. Haka muka tafi ba mai tsafi ko ɗaya. Sai bayan shekaru na karanta a intanet wai ba mai hankalin da ke buga wasan nan ba boka. To mu mun buga, mun ci na jaki, amma mun kai.

Kowace Asabar, daga bayan azahar zuwa kiran magariba, a tayar da ƙaramin janareta a zauna. In karanta in fassara, a yi shawara, mai mutum ya faɗi abin da mutuminsa zai yi, Nasiru ya danna. Malam Babarbare ne, Bello Bafulatani, ba lalle kuwa ka san wasan da ke tsakanin ƙabilun nan biyu ba. Duk sanda aka sari maharbin Bello, sai Malam ya ce ba zai ɓata magani a kan bawansa ba sai ya roƙa, Bello ya ce ai dama bawa ne ke jinyar ubangidansa. A yi ta dariya, janareta na shan mai a banza.

Doka ɗaya gare mu, kuma Bello ne ya kafa ta. Wata Asabar da bai zo ba, Nasiru ya sayar da jakin da ke ɗaukar wa ayari kaya ya sayi sulke. Da Bello ya dawo, kai, ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce dabbar da ta ɗauke maka kaya ba ka sayar da ita a bayan idon mai kula da ita. Sai da muka koma garin muka fanso jakin. Daga ranar aka yanke cewa ba a motsa mutumin wani in ba ya nan, ayari kuma ba ya tashi sai huɗun sun cika. Shi ya sa in rani ya yi Bello ya bi shanu kudu, ayari ya yi zango har ya dawo. Tafiyar da na ji wasu na gamawa cikin 'yan makonni, mu shekaru muka yi muna yin ta.

Wasanku kuwa bai taɓa ƙosawa da mu ba, kuma wannan ne ya riƙe mu. Yaƙinsa bi da bi ne. Abokin gaba ya ɗaga takobi, a kira salla, mu je mu dawo mu tarar da shi yana nan da takobinsa a sama yana jiranmu. Malam yakan ce ko ba komai maƙiyan wasan nan sun san darajar salla.

Na biyu: inda muka tsaya.

Mun kai bakin ƙofar birnin ƙarshe dab da magariba. Nasiru ya ajiye wasan, ya miƙe yana miƙa, ya ce Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu sai a ciki. Cikin makon zazzaɓi ya kama shi. Muka ce a jira shi ya warware, ai doka ce. Bai warware ba. Ya bar mata da 'ya ɗaya tana goye, Hauwa'u, muna kiran ta Jidda.

Ba wanda ya sake tayar da maganar wasa. Wa zai taɓa mai takobin Nasiru? Na ɗauko kwamfutar na kai ɗakina a Bebeji, na lulluɓe ta da tsohon zani. Sauran tarkacensa, har da kwalin wasan, aka kwashe aka kai gidan mahaifinmu.

Na uku: abin da ya sami faya-fayan.

Mahaifinmu, shi ma Allah ya jiƙansa, manomin shinkafa ne a filin noman rani da ke shan ruwan Tiga. Wata shekara tsuntsayen jan-baki suka sauko wa shinkafa ba sauƙi. A nan wajenmu in haka ta faru, akan ja igiya a kan gona a rataya duk wani abu mai ƙyalli, ya riƙa juyawa a iska yana walƙiya, tsuntsu ya tsorata. Ba kuwa abin da ya kai tsohon faifai wannan aiki. Baba ya buɗe kwalin ɗansa ya ga faya-fayai masu sheƙi, ya gasa ƙusa a wuta ya huda kowanne a gefe, ya ɗaure da zare ya kai gona.

Lokacin yankan shinkafa na gan su. Suna lilo a kan igiya, rana da raɓa sun ɓare musu baya, ana hango sama ta cikinsu. Na tsaya na daɗe ina kallo. Baba ya zo kusa da ni yana murna, ya ce kayan Nasiru sun yi albarka, ko bayan ransa ya tsare mana gona. Me zan ce masa? Na ce haka ne, Baba. Ban ɗora masa laifi ba a ranar, ba zan kuma ɗora masa yanzu ba. Shinkafar nan da ita aka ciyar da marainiyar.

Na kwance su na tafi da su gida. Zuciyata ta yi nauyi, amma na ba kaina haƙuri da cewa ai wasan yana cikin kwamfutar.

Na huɗu: ranar da muka koma.

Da ciwon Bello ya yi tsanani na je duba shi. Harshensa ya yi nauyi, sai ka kai kunne. Modibbo yake ce mini, wato malam da Fulatanci, don tsokana. Ya ce, Modibbo, mun bar mutane a tsaye a ƙofar gari, ba tarbiyya ba ce. Na ce masa ai huɗun ba za su ƙara cika ba. Ya ce a tambayi bawansa, ai malami ne.

Na sami Malam Isiyaku, yanzu ya tsufa, sai da sanda. Ya ce mai takobin Nasiru dukiya ce da mamaci ya bari, kuma yana da magajiya, a kira Jidda ta zauna a mazaunin ubanta. Da dariya ya faɗa, amma sai da ya sa gefen rawani ya goge ido.

Jidda ta girma, tana makarantar koyon aikin jinya. Na yaye zanin, na kai kwamfutar aka hure mata ƙura, ta tashi. Wasan ya buɗe. Ga mu nan mu huɗu a tsaye a bakin ƙofa, ga jaki. Ban taɓa komai ba, na kashe. Wani zai ce me ya hana ni gwada ƙofar tun a gida. Doka ce ta hana ni, ranka ya daɗe. Ba a motsa ayari sai an cika.

Muka ɗora kwamfutar a akori-kura, da batir da inbata mai ba ta wuta da na aro wurin mai cajin waya, ni da Malam da Jidda, har rugar su Bello. Aka fito da shi inuwa aka jingina shi da matasai. Da sunayen suka bayyana, Jidda ta kai yatsa kan gilashin ta ce, Baffa, wannan ne Abbana? Na ce shi ne. Ba ta da wayo lokacin da ya rasu, hotonsa kawai ta sani. Ranar ta ga sulken da ya zaɓa da takobin da ya yi ta fafutukar samu, Bello kuma ya ba ta labarin jakin da rabin baki. Aka yi shawara yadda aka saba, kowa ya ce a shiga. Ta yi bisimilla ta danna ƙofar.

Sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo da layi ɗaya na Turanci.

Na fassara wa mutanen nan wasiyyar sarakuna da kukan marayu da zagin 'yan fashi a cikin wasanku, ban taɓa jin nauyin bakina ba sai ranar. Duk suka zuba mini ido. Bello ya ce, Modibbo, me suka ce? Na ce sun ce a saka faifan ƙarshe.

Ashe birnin ba ya cikin kwamfutar, yana kan faifan da ya yi gadin shinkafa. Can sai Bello ya yi 'yar dariya ya ce, to, jan-baki sun cinye mana birni. Jidda ta tashi ta zaga bayan bukka. Ni kuwa wallahi ban san sanda hawaye ya zubo mini ba, da furfurata da komai.

Na biyar: abin da na tarar a wajenku.

A nan kukana yake, domin har zuwa nan ƙaddara ce, daga nan kuwa aikinku ne.

Na ce abu mai sauƙi, in sayi wani. Jidda ta duba shagonku na intanet, ta tarar kun janye tsohon wasan daga kasuwa, kun maye gurbinsa da wanda kuka ce kun sabunta. Sabon ba ya karanta ajiyar tsohon, wato inda muka tsaya, sai dai a faro daga farko. To shekarun da za a sake tafiyar, Bello yana da su? Ba ya buɗewa sai da intanet, a rugar da sai ka hau suri kafin waya ta kama sabis. Kwamfutarmu ba za ta iya ɗaukarsa ba. Kun kuma ba matafiyan sunaye da muryoyi naku, ba wurin da mutum zai rubuta Nasiru. Jakin ma kun cire shi, wai yana ɓata wa 'yan wasa lokaci.

Na shiga Kano na bi shagunan masu kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka yi mini dariya, suka ce Baba wannan ai tun zamanin da. Wani ya ce zai iya tono mini na sata a wani lungun intanet, amma bai ɗauki alkawarin ba zai lalata ajiyarmu ba. Ko da ya ɗauka, Malam ya ce ba zai zauna a raka majinyaci da kayan da mai shi bai yarda ba. Na ji haushinsa a ranar, amma gaskiyarsa ce.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan. Jidda ta gano cewa akwai wasu bayin Allah, masoya tsofaffin wasanni, da suka tattara kwafin irin waɗannan faya-fayai suka adana kyauta, don irin ranar da ta same mu. Ta shiga shafin ta tarar an cire namu, an bar sanarwa cewa lauyoyin mai wasan ne suka nemi a cire. Haba, ranka ya daɗe! Ba ku sayar ba, ba ku bayar ba, wanda ya ajiye kuma kun ce ya zubar. Me kuka ƙaru da shi?

Na shida: abin da nake hangowa.

Kada ka ce matsalar wani tsoho ce a ƙauye. Ina ganin abin da ɗalibaina ke bugawa a waya. Wasan da ba ya jiran kowa, in ka ɗaga kai an kashe ka, in ka yi nisa ya tsaya ya ce sai ka biya. Ba shawara, ba gardama, kowa ya duƙufa a kan tasa wayar. Ranar da masu shi suka gaji suka kashe injinsu kuwa, shi ke nan, ko kwali ba za a bar wa yaro ya tuna ba. Namu ko ba komai ya bar mana abin da za mu rataya a gona.

Na ji an ce har yanzu akwai 'yan ƙananan kamfanoni da ke yin wasa mai haƙuri irin na da, mai labari da zaɓi, kuma na yi murna. Amma su a ina suka koya, in ba a jikin irin naku ba? Da tsohuwar zuma ake magani. In kowane kamfani ya kulle tsohon nasa, faya-fayan da ke hannun mutane kuma suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wata rana za a wayi gari ana jin sunan wasannin nan a baki, ba wanda zai iya buɗe ko ɗaya.

Malam Isiyaku yana da wani littafin fiƙihu rubutun hannu da ya gada daga kakansa. Gara ta taɓa cinye masa wasu shafuka. Ya hau mota ya je Tudun Wada wurin wani malami mai irinsa, ya zauna a zaure ya kwafe, aka ba shi fura, aka rako shi. Ba wanda ya turo masa lauya. Shi ya sa littafin ya kai yau, ana kuma karanta shi.

Buƙatuna.

Ta farko, kuma ita ce ta gaggawa: ku turo mana abin da ke kan faifan ƙarshe na tsohon wasan, yadda yake, ba gyara. Na san yana nan a ma'ajiyarku, tunda daga jikinsa kuka yi sabon. Jidda ta ce in kun turo ta intanet za ta kai Kano a zuba mata a sabon faifai. In da abin biya, ku faɗa, zan biya. Takardun da na aiko muku a baya suna ɗauke da inda za a same ni.

Ta biyu, ku mai da tsohon wasan kasuwa kusa da sabon, wanda zai buɗe ba intanet, mai so ya zaɓa. Ba mu ce sabonku ba shi da kyau ba. Ba namu ba ne kawai.

Ta uku, ku janye lauyoyinku daga kan masu adana abin da kuka daina sayarwa. Aikinku suke yi muku.

Ranka ya daɗe, Asabar da ta wuce na koma wurin Bello. Ya ƙara ramewa. Ya tambaye ni ko kun amsa, na ce tukuna. Ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya ya ce, Modibbo, na yafe dokar. In amsa ta zo ba na nan, ka ja maharbina ku shiga, kada ku bar ni a ƙofa. Mutumin da ya kusa ɓata da Nasiru a kan jaki, yau shi ke cewa a motsa mutuminsa a bayan idonsa. Ni ba na son wannan izinin. So nake ya ce a shiga da bakinsa, ya ga abin da ke bayan ƙofar nan da idonsa, ko da bai fi kango ba.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da arziki, ya albarkaci kamfaninka, ya saka wa waɗanda suka zauna suka ƙirƙiro wasan nan tun farko da alheri, domin sun haɗa mutum huɗu a kan tabarma ɗaya ba su ma sani ba. Allah ya sa abin da ka gina kada a kulle wa 'ya'yanka shi. Allah ya tausasa zuciyarka, ya kuma sa takardar nan ta riske ka da wuri.

Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan koma ruga. Zai ɗago kai ya ce, Modibbo, me suka ce? Ni tafinta ne kawai, ranka ya daɗe. Abin da kuka faɗa shi zan gaya masa, in kuma kun yi shiru, ban san yadda ake fassara wannan ba.

Wassalam.

Naka mai jiran amsa,
Habibu, tafintan Ayari,
Bebeji.